Takarda Ba Ta Amsa Tambaya: Martani Kan Zuba Wa Kwamfuta Umarni Daga Fayil

Wani ɗalibina ɗan Kiru ne ya kawo mini mujallar. Ya lanƙwasa gefen shafin da yake so in gani, ya miƙo mini yana murmushi irin na wanda ya samo hujjar da zai ƙure malaminsa da ita. Rubutu ne na wani ɗan'uwa mai koyar da matasa kwamfuta, kuma daga yadda yake jero magana ka san ba jiya ya fara taɓa Linux ba. Abin da ya ce, in na fahimce shi daidai, shi ne wahalar banza muke ba ɗalibai da muke sa su zauna gaban baƙin allo suna buga umarni ɗaya bayan ɗaya. A ganinsa duk abin da yatsa zai buga, a rubuta shi cikin fayil, a zuba wa shel, wato manhajar da ke karɓar umarni a baƙin allon, da layi guda:

bash < umarni.txt

Daga nan mutum ya tashi ya tafi shan shayinsa. Ya ƙara da cewa kwamfuta ba ta san bambanci tsakanin mutum da fayil ba, tunda duk haruffa ne ke shigar mata.

Rabin maganar na yarda da shi, har ma na riga shi faɗa a aji. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, wuraren koyar da kwamfuta suka yawaita a yankinmu, daga Bebeji har Doguwa, kuma duk mai kula da irin wannan wuri ya san ciwon maimaita aiki ɗaya a kan na'urori goma ko ashirin alhali man janareta yana ƙonewa. Wanda ya ce a yi wannan da hannu kullum bai taɓa sayen fetur da kuɗinsa ba. Inda muka raba hanya da Malam shi ne rabin na biyu, cewa babu bambanci. Akwai, kuma a cikin bambancin nan ne ake asarar aikin wata guda cikin daƙiƙa biyu. Na fara saninsa ne a jikina kafin in san shi a littafi.

Shekarun baya ina taimaka wa wani ɗan ƙaramin wurin koyar da kwamfuta kusa da Kwanar Dangora. Tsofaffin laftof goma sha biyu ne, duk an sa musu Ubuntu, an haɗa su da waya ɗaya. Ina so in kwafa musu darasin mako in kuma gyara wani saiti. Na riga na shirya makullai yadda ssh, manhajar da ake shiga wata kwamfuta da ita daga nesa, ba za ta tambaye ni kalmar sirri ba. Sai na rubuta layi goma sha biyu, kowane layi yana shiga laftof guda ya yi aikin, na zuba wa shel da irin wannan kibiyar da Malam yake yabo, wato alamar da ke tsakanin bash da sunan fayil, na tafi sallar isha'i. Da na dawo allon ya koma yadda na bar shi, babu ƙorafi ko ɗaya. Na kashe janareta na tafi gida ina jin kaina gwani. Da safe ɗalibai suka zauna, sai ga shi laftof ɗaya tal ta samu darasin. Sauran goma sha ɗayan ko kallonsu ba a yi ba.

Na ɗauki lokaci kafin in gane abin da ya faru, kuma manoman rani ne suka ba ni hoton da nake amfani da shi a aji har yau. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, yana bin babbar hanyar ruwa ne ya gangara gonakin Kadawa, su Kura da Bunkure da Garun Malam. Kowane manomi a can ya san cewa idan na sama ya buɗe ƙofarsa ya bar ta, na ƙasa laka zai tarar. Hanyar ɗaya ce, masu sha ne da yawa. Haka kowace manhaja a Linux take da mashiga guda da take jiran bayani daga gare ta. A al'ada wannan mashigar kibod ɗinka ce. Da ka sa kibiyar, ka cire kibod ka jona fayil a wurinsa, kuma ba shel kaɗai ka jona wa ba, har da duk manhajar da shel za ta kira, domin suna gadon mashigar ne daga gare ta. To shel ta karanta layi na farko, ta kira ssh. Ita kuwa ssh halinta ne ta kwashe duk abin da ta samu a mashiga ta aika wa ɗaya kwamfutar. Ta shanye layi goma sha ɗayan da suka rage, ta kai su inda babu mai sauraro. Da ta gama, shel ta leƙa fayil ta tarar an kai ƙarshe, ta rufe bakinta. A wurinta babu kuskuren da aka yi, shi ya sa ba ta ce komai ba.

Na ma yi sa'a. Da a ce layin farkon shiga kawai ya yi bai faɗi aikin da za a yi ba, da ssh ta buɗe shel a can, ta miƙa mata ragowar layukan, su gudana a kan waccan laftof ɗin. Umarnin da ka rubuta don kwamfutarka sai ya sauka a ta wani. Idan cikinsu akwai na gogewa, sai dai ka yi ta istigfari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun Malam shi ne wannan matsala an san ta, an kuma magance ta tun kafin a haifi mafi yawan ɗalibanmu da iyayensu. Shel ta farko, wadda Ken Thompson ya rubuta wa Unix a 1971 a ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka, haka take aiki: fayil ɗin umarni shi ne mashigarta. Har ma umarnin tsallakawa zuwa wani layi, goto, wata 'yar manhaja ce daban da ke matsar da wurin karatu a cikin fayil ɗin da suke sha tare da shel. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma ta hana rubutaccen umarni ya karɓi bayani daga mutum ko daga wata manhaja. Stephen Bourne ne ya raba hanyoyin biyu a shel ɗinsa da ta fito da Unix bugu na 7 a 1979: fayil ya bi tasa hanya, mashiga ta zauna a tata. Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989 ƙarƙashin aikin GNU, ta gaji wannan tsari. Saboda haka in ka rubuta

bash umarni.txt

ba tare da kibiya ba, shel tana karanta fayil ta wata ƙofa ta daban, kibod kuma yana nan a jone ga duk manhajar da ke son tambayar ka. Harafi ɗaya ne bambancin a ido. Wanda ya koya wa ɗalibi sa kibiyar ya mayar da shi shekarun 1970 ba tare da ya gaya masa ba.

Kuma in abin da Malam yake nema shi ne umarnin su gudana a cikin wannan shel ɗin da mutum yake zaune gabanta, ta riƙe foldar da aka shiga da sunayen da aka ajiye, ai akwai source, ko ɗigo guda kafin sunan fayil. Wannan shi ne ainihin zuba fayil cikin shel mai hira da mutum, kuma ko sau ɗaya bai ambace shi ba. Sai dai shi ma da nasa halin: in akwai exit a cikin fayil ɗin, tagarka ce gaba ɗaya za ta rufe a fuskarka.

Mu koma kan tambayoyi, don nan ne na fi jin tsoro. Manhajoji da yawa suna tsayawa su nemi izini. Idan ka ce wa apt, manhajar da ke sauke sauran manhajoji, ta sauke ko ta cire wani abu mai jan wasu abubuwa a bayansa, za ta jero maka su, ta faɗi nauyinsu, ta tambaya ko ta ci gaba. Mutum zai duba ya ga megabait ɗari huɗu, ya tuna datar da ta rage masa, ya ce a'a. Ko ya ga cewa cire abu guda zai tafi da rabin na'urar, ya janye hannunsa. Idan fayil ne a mashiga, layin da ke biye shi ne amsa. In layin ya fara da wani harafi daban, apt ta ɗauka an ƙi, ta fasa, kuma layin da ta cinye ya tafi ke nan, shel ba za ta gan shi ba. In ya fara da harafin y, ta ɗauka an yarda. Ga wanda ya fi duka: in ka bar layi fanko don rubutunka ya yi kyau a ido, kamar yadda kowane malami yake koya wa ɗalibi, apt za ta karanta shi a matsayin danna Enter, wanda a wannan tambayar ma'anarsa na amince. Tsaftar rubutunka ce ta sa hannu a madadinka.

Na san abin da za a ce mini, domin ɗalibin nawa ma ya faɗa: ai sai a ƙara -i, a tilasta wa bash ta ɗauki kanta tana hira da mutum. Gaskiya ne cewa bash tana duba ko mashigarta allo ne na gaske, kuma in ba shi ba ne sai ta canza hali. Wannan kaɗai ya isa ya rushe cewa kwamfuta ba ta san bambanci ba. Ba ta karanta fayil ɗin .bashrc, ba ta kuma san laƙubban da ka raɗa wa umarni. Shi ya sa ll, wanda kowane mai Ubuntu ya saba bugawa, yake zama baƙo da zarar ya shiga fayil. Malamai da yawa, har da ni, muna yi wa rm, umarnin gogewa, laƙabi yadda za ta riƙa tambaya kafin ta goge, kuma a Red Hat da danginta haka ake yi wa babban mai iko tun daga masana'anta. A cikin fayil wannan garkuwa babu ita, rm tana gogewa ne shiru. To ƙara -i yana dawo da laƙubban, amma bai dawo da mutumin ba. Yanzu rm za ta yi tambayar, fayil kuma ya amsa mata da layi na gaba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Kalmar sirri kuma wani babi ne. Su sudo, mai ara wa mutum ikon babban mai iko, da ssh da gangan aka gina su su ƙi karɓar ta daga mashigar gama-gari, sai daga allon kai tsaye. Malam ya lura da wannan a rubutunsa, amma ya ɗauke shi cikas ne da za a kewaye, ya ba da shawarar a rubuta kalmar a cikin fayil a nemi hanyar cusa ta. A wurarenmu filashi ɗaya yana yawo daga shagon buga takardu a Tudun Wada zuwa ofishin makaranta zuwa gidan wani, kowa yana kwafa yana zubawa. Kalmar sirrin da ta shiga filashi ta zama labarin kasuwar Kafin Maiyaki. Ga ssh akwai makullai, kuma minti biyar ya isa a koya wa ɗalibi yadda ake ƙera su. Idan kuma dole ne a yi hira da manhajar da ba ta yarda sai da allo, akwai Expect, wadda Don Libes ya rubuta a 1990 a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a kan harshen Tcl, saboda irin su passwd da ftp da telnet. Dubi yadda take aiki: tana ƙirƙirar allon bogi, ta jira ta ga tambayar da ake tsammani, sannan ta ba da amsa, in tambayar ba ta zo ba cikin lokacin da aka sa ta sanar. Jiran nan shi ne dukan hikimarta. Da fayil da mutum ɗaya ne, da Libes bai ɓata lokacinsa ba.

Akwai abin da mai bugawa da hannu yake yi wanda shi kansa bai san yana yi ba, wato kallo. Tsakanin kowane umarni da na bayansa idonsa yana sauka kan allo. Ɗauki layi biyu da kusan kowa ya taɓa rubutawa: na farko ya shiga foldar tsofaffin takardu a filashi, na biyu ya goge duk abin da ke ciki. Ranar da aka kawo wani filashi mai suna daban, ko tsohon bai zauna da kyau a raminsa ba, layin farko zai kasa. Mutum zai ga jan kunnen ya tsaya. Shel da ke karanta fayil za ta rubuta ƙorafin ta wuce layi na biyu, ta goge duk abin da ke inda take tsaye, wanda sau da yawa foldar gidanka ce. Direban da aka rubuta wa hanya a takarda, aka ce daga Tudun Wada ya miƙe cikin dajin Falgore kada ya tsaya sai Doguwa, in ya tarar gada ta karye zai taka burki ko me takarda ta ce. Shel ba ta da burki sai wanda ka rubuta mata: ka haɗa layukan da alamar && yadda na biyu ba zai gudana ba sai na farko ya yi nasara, ko ka sa set -e a sama. Ko shi set -e ɗin yana da ramukan da yake barin kuskure ya wuce, don haka ba na koya wa ɗalibi ya jingina da shi kaɗai.

Kada a ce wannan kuskuren 'yan koyo ne. A Janairun 2015 aka gano cewa manhajar wasanni ta Steam, ta kamfanin Valve, tana da layin gogewa a fayil ɗin da ke tayar da ita a Linux, wanda ya dogara da wani suna da ya kamata ya riƙe adireshin foldarta. In aka matsar da foldar, sunan kan iya zama fanko, sai umarnin ya koma goge duk abin da mai na'urar yake da iko a kansa tun daga tushe. Mutumin da ya fara kai ƙara ya rasa fayilolinsa har da na faifan ajiya da ke jone a lokacin.

Kuma kowace manhaja mai karɓar umarni da nata hali, abin da rubutun Malam ya shafe da kalma ɗaya. Masu ajiye sakamakon ɗalibai a rumbun bayanai su lura: in ka zuba wa mysql fayil, tana tsayawa a kuskuren farko. In psql ta PostgreSQL ce, wucewa take yi ta ci gaba, sai in ka kunna mata ON_ERROR_STOP. Fayil iri ɗaya, kibiya iri ɗaya, ɗaya ta bar maka rabin aiki, ɗaya ta bar maka aiki mai rami a tsakiya.

Yanzu mu zo gida, mu tambayi inda fayilolin nan suke fitowa a wurinmu. Ɗalibin da ke Jami'ar Bayero ko ta Wudil wataƙila yana da laftof ɗinsa. Na Riruwai ko Dadin Kowa a wayarsa yake koyo, da manhajar Termux, kuma in zai rubuta abu mai tsawo sai ya je shagon buga takardu, inda Windows ce a kan kowace kwamfuta. Notepad tana rufe kowane layi da alama biyu, Linux kuma ɗaya take tsammani. Ƙarin alamar ba a ganin ta, amma tana manne a wutsiyar kowane umarni, sai shel ta ce ba ta san folda ba alhali ga ta nan kana kallo, ko ta ƙirƙiri wata mai suna iri ɗaya da ɓoyayyen harafi a ƙarshe. Na ga yaro ya kwana biyu yana zargin wayarsa, alhali dos2unix ce maganin. In kuma a Word aka buga, abin ya fi muni, domin tana lanƙwasa alamomin zance don ado, ta kuma haɗe karan ɗori biyu su zama dogo guda. Mai bugawa da yatsa a baƙin allo ba ya haɗuwa da ko ɗaya daga waɗannan. Ashe ko a matakin haruffan ma, abin da ke cikin fayil ba lallai ne ya zama abin da yatsa zai buga ba.

Ƙarshen rubutun Malam ya yaba wa salon da ya zama ruwan dare, na sauko da fayil daga intanet da curl a zuba shi kai tsaye cikin bash ta bututu, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Ya ce manyan kamfanoni ma haka suke ba da umarni. Haka ne, amma su ba a bayan duwatsun Doguwa suke zaune ba, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Bash ba ta jiran fayil ya gama isowa, tana aiwatar da abin da ya iso. In layi ya yanke a tsakiya, guntun da ya iso shi za ta ɗauka cikakke. Umarnin da ya ce a goge wata 'yar folda can ciki, in wutsiyar adireshin ta maƙale a hanya, ya zama umarnin goge uwar foldar. Masu rubutu da hankali suna kare wannan ta hanyar naɗe komai cikin aiki guda da ba a kiran sa sai a layin ƙarshe, amma ta yaya za ka san sun yi in ba ka buɗe ka karanta ba? Ban da wannan akwai batun amana. A Afrilun 2021 kamfanin Codecov ya sanar cewa wasu sun shiga sun sauya fayil ɗin bash da abokan cinikinsa ke saukowa su gudanar ta wannan hanya, kuma ya yi wajen wata biyu yana kwashe sirrin mutane kafin wani ya lura cewa fayil ɗin bai yi daidai da hatiminsa ba. Saukowa da fayil, buɗe shi, sannan gudanar da shi, umarni uku ne maimakon ɗaya. Ban ga shayin da zai huce a wannan tsakanin ba.

Wannan hali na bash, karantawa tana tafiya, shi ne ya jawo abin da nake ba ɗalibai labari duk shekara. A tsakiyar Disambar 2021 Jami'ar Kyoto a Japan ta rasa kimanin terabait 77 na bayanan bincike, fayiloli wajen miliyan 34 na rukunin masu bincike 14, daga babbar kwamfutarta. Akwai fayil ɗin umarni da ke share tsofaffin bayanan aiki da suka wuce kwana goma. Ma'aikatan kamfanin HPE suka gyara shi don ya fi karantuwa, suka sauya wasu sunaye, suka ɗora sabon a kan tsohon alhali tsohon yana cikin gudana. Bash ta ci gaba da karatu daga inda ta tsaya, sai dai yanzu a cikin sabon rubutu take, inda sunayen ba su da ma'anar da ta sani. Umarnin sharewa ya sauka kan ajiyar masu bincike. Kamfanin ya fito ya ɗauki laifin gaba ɗaya. Injiniyoyi ne ƙwararru, kuma ba ma kibiya suka sa ba, sun bi hanyar da ta fi kyau. Duk da haka mantawa da yadda shel take cin fayil ya kai su ƙasa. Ina ga yaron da aka ce masa babu abin lura ko kaɗan?

Kada dattawan da ke cewa sai an buga komai da hannu su ɗauka na koma layinsu. Hannu ma yana kuskure, kuma kuskurensa ba ya barin shaida. Fayil ana iya karanta shi, a gyara, a miƙa wa wanda zai gaje ka in an yi maka canjin wurin aiki. Gardamata da Malam a kan abin da ake gaya wa ɗalibi ne ranar da aka miƙa masa wannan makami. Ni abin da nake yi shi ne, sai yaro ya buga aikin da hannu ya ga inda ake tambayar sa da inda abu kan iya kasawa. Sannan ya kwashe shi cikin fayil, ya amsa kowace tambaya tun kafin a yi ta: -y ga apt in ya tabbata, -n ga ssh don kada ta sha ruwan na ƙasa, burki bayan kowane cd, umarnin shiga folda. Ya gwada da bash -n don a duba nahawun ba tare da an aiwatar ba, ya gudanar da -x ya ga kowane layi yana wucewa. In akwai data, ya nuna wa ShellCheck, manhajar da Vidar Holen ya rubuta, wadda take kama cd marar burki da lanƙwasassun alamomin Word da sunan da zai iya zama fanko a gaban rm. Duk layin gogewa kuma, a zagayen farko echo ake sa masa a gaba, ya faɗi abin da zai goge ba tare da ya taɓa shi ba.

Ɗalibin nan ɗan Kiru bai gamsu da bakina ba, kuma na ji daɗin haka. Na ce ya rubuta layi uku a wayarsa: na farko read, wanda ke jiran a ba shi suna, na biyu ya buga gaisuwa, na uku ya buga sunan da aka bayar. Ya gudanar ba kibiya, wayar ta tsaya tana jiran sa, ya rubuta sunansa, ta gaishe shi ta kira shi. Ya sake gudanarwa da kibiya. Ba ta jira kowa ba, gaisuwar ba ta fito ba, a wurin sunansa kuma sai ga layi na biyu ɗungurungum, umarnin gaisuwar da read ta haɗiye. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce in ara masa mujallar zuwa mako mai zuwa, yana so ya gwada sauran misalan Malam ɗin ɗaya bayan ɗaya, a cikin foldar da babu komai.